Resident Evil 4: Tsohon Za Ka Saya ko Sabon, Kuma a Wace Na'ura?

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gombe wajen 2007, ƙafarsa kuma ta saba da shagon gem, ba sai an tuna masa da ƙarar nan ba. Kana tsakiyar ƙauye, harsashi ya kusa ƙarewa, mutanen gari sun yi maka ƙawanya da lauje da gatari, sai ka ji an tayar da injin zarto a bayanka. Yaran da suka yi cincirindo a kanka su kaure da ihu: "Mai buhu! Ka gudu, mai buhu ne!" A shagon da muke zuwa a Jekadafari babu wanda ya san sunansa Dr. Salvador. Buhun da ya rufe kansa da shi muka gani, muka raɗa masa suna. Talabijin ɗaya tak aka ware wa masu bin labari, sauran duk na 'yan ƙwallo ne, kuma in aka ɗauke wuta kafin ka kai ga tafireta, wato wurin da ake adana wasa a cikin gem ɗin, wahalar awa guda ta tafi ke nan.

Yaran nan yau magidanta ne. Wani yana koyarwa a Kumo, wani na da shagon atamfa a Babbar Kasuwa, wani yana aikin gwamnati. Tun da kamfanin Capcom na Japan ya fitar da sabon Resident Evil 4 ranar 24 ga Maris 2023, tambaya ɗaya nake sha daga wajensu: me zan saya in koma ƙauyen nan? Na buga sabon a PlayStation 4 (PS4) daga farko har ƙarshe, na taɓa shi a PS5 a gidan wani abokina a Tumfure, na kuma koma na sake bin tsohon. Kafin mu zo kan na'ura, akwai abin da kai kaɗai za ka iya amsa wa kanka. Ainihin abin da ka bari kake marmari, ko sabon abu kake so mai ƙamshin na da? Kuɗin da za ka kashe ya rataya a kan wannan amsar.

Gem biyu ne, suna ɗaya

Tsohon ya fara fita a Janairun 2005 a kan GameCube, Shinji Mikami ne ya jagoranci aikinsa, sannan a Oktoban shekarar ya iso PS2, wanda shi ne mu muka sani. A 2016 aka goge masa hoto aka sake sayar da shi a PS4 da Xbox One, a 2019 kuma ya hau Switch. Wannan fenti kawai aka yi wa tsohon gida: ɗakunan na nan, zauren na nan, ko ƙofa ɗaya ba a matsar ba. Na 2023 kuwa rushe gidan aka yi aka sake tayar da shi a fili ɗaya. Labarin bai sauya ba a dunƙule. Leon Kennedy ne aka tura wani ƙauye a Sifaniya ya ceto Ashley, 'yar shugaban Amurka, daga hannun wata ƙungiyar asiri, za ka ratsa ƙauye, ka shiga fadar Salazar, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyar, ka ƙare a tsibiri. Amma kowane bango da kowace fuska sabon zane ne.

A nan ne tarkon farko yake, kuma na ga wanda ya faɗa ciki. Duka biyun suna da faifan PS4, duka biyun an rubuta musu Resident Evil 4 a kwali. Wani ƙanin abokina ya aika aka sayo masa daga Kano, ya yi murnar ya samu da araha, da ya saka sai ga tsohon. Ba lallai ba ne mai shago ya yi niyyar cuta, wani shi ma bai san bambancin ba. Ka juya bayan kwalin ka duba shekarar da ke cikin ƙananan rubutu. In ka ga 2016, tsohon ne. In ka ga 2023, sabon ne. A farashin farko ma akwai rata, domin wancan dala 19.99 aka sa masa, sabon kuma dala 59.99. Duk wanda ya yi maka tayin "sabon" a kuɗin da ya yi ƙasa da hankali, ka nemi ya turo maka hoton bayan kwali kafin ka tura ko sisi, kada ka yi cinikin biri a sama.

Abin da hannunka zai ji ya bambanta

A tsohon, da zarar Leon ya ɗaga bindiga ƙafarsa ta kafe. Ba ya harbi yana tafiya. Yaran yanzu suna ganin wannan nakasu ne, ni kuma ina ganin a nan daɗin gem ɗin yake. Dole ka zaɓi inda za ka tsaya, ka auna tazara, ka harbi gwiwa ko fuska, ka ruga ka kai shuri, sannan ka sa wuƙa ka ƙarasa don tattalin harsashi. Yana da kari irin na kiɗa, kuma wanda ya iya shi a da, hannunsa zai tuna cikin minti goma.

A sabon, Leon yana harbi yana ja da baya, yana iya duƙawa ya lallaɓa ya soke maƙiyi ta baya, kuma wuƙa ta zama garkuwa: in ka danna a daidai lokaci za ka kare sara, har zarton mai buhu ana tarewa da ita. Sai dai wuƙar tana cinyewa, tana karyewa, sai ka biya ɗan kasuwar nan mai doguwar riga ya gyara maka. Su ma mutanen ƙauyen an ƙara musu zafi da sauri, suna zagayowa ta gefe, suna riƙe ka ta baya wani ya zo da cokalin noma. Yawan danne-dannen gaggawa da ake yi a tsakiyar fim, wanda ya sha kashe mu a faɗan wuƙa da Krauser, tsohon abokin aikin Leon da ya koma maƙiyi, an cire kusan dukansa, an mayar da wancan faɗan na gaske da kai za ka yi da hannunka. Ashley ba ta da ma'aunin lafiya yanzu, ba ka raba ganyen magani da ita, kuma an ba ta hankali da magana irin ta mutum. Luis, mutumin da ke taimakon Leon a hanya, ya samu fili sosai, har sai da mutuwarsa ta taɓa ni fiye da yadda ta yi a da. An ƙara ƙananan aike-aike da ake liƙawa a shuɗiyar takarda, ka cika a ba ka lada. Akwatin kaya yana nan, kana jera bindiga da ƙwai da ganye kamar mai shirya lefe, har an sa maɓallin da zai jera maka da kansa, ko da yake ni ban taɓa yarda na bar masa wannan aikin ba, don jerawar tana cikin abin da na zo nema.

Akwai abin da aka rasa, kuma ba zan ɓoye ba. Sabon ya fi duhu, ya fi ɗaure fuska. Zolayar da Salazar yake yi wa Leon ta rediyo babu ita yadda muka san ta, wasu ɗakuna da wani dodo guda an fitar da su daga babban labari. Sannan labarin 'yar leƙen asirin nan Ada Wong, wato Separate Ways, da muka samu kyauta a cikin faifan PS2, yanzu sayensa ake yi daban, ya fito a Satumban 2023, sai fa in ka sayi Gold Edition na 2024 da ya haɗa su. Mercenaries, ɓangaren da ake kashe maƙiya a tara maki kafin lokaci ya ƙare, dai kyauta ne, amma sai ka sauke shi.

Abu ɗaya da sabon ya yi wa mutumin Gombe gata: yana adana wasa da kansa a wurare da dama. Tafireta na nan, amma in wuta ta tafi ba za ka koma can baya ba. A matakin Professional, wanda ya fi kowanne wahala, ne kawai aka cire wannan. Tun da maganar mataki ta zo, a wajen zaɓi an nuna cewa Hardcore na waɗanda suka buga na 2005 ne. Kada wannan ya ruɗe ka. In ka shekara 15 ba ka riƙe hannun gem ba, fara da Standard, zai ba ka isasshen gumi a babi 16 ɗin nan.

To, in ainihin na da kake so, magana ta ƙare da wuri. Na 2016 a PS4 ya ishe ka, ko kuma ka same shi a Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, inda aka rubuta masa 2005 a gaban suna, kuma laftof mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa. In kuwa sabon ne, sai mu zauna.

PS4 ta hannu

Ita nake ba mafi yawan mutane shawara, kuma ita na saya. Dalilina wuta da data ne, ba son tsohon abu ba. PS4 Slim ba ta da cin wuta, yawanci ba ta kai wat 100 tana aiki, don haka ƙaramin sola da inbata na gida zai riƙe ta da talabijin ba tare da an kashe fanka ba. Tana cin faifai, wato gem ɗin yana shiga daga faifan, abin da za ka sauke gyare-gyare ne kawai. In ka gama kuma ka sayar da faifan ko ka yi musaya da wani. Masu gyaranta suna da yawa, kayanta ba sa wuyar samu.

Me za ka rasa? Hoton bai kai na PS5 kaifi ba, wani lokaci za ka ga bango ko ƙasa sun ɗan yi jinkiri kafin su fito sosai, in maƙiya suka yi yawa motsi yana ɗan nauyi, kuma bayan an kashe ka za ka jira kafin a dawo da kai. A talabijin mai inci 32 da yawancinmu ke da ita, wannan bai hana ni jin daɗi ba ko kaɗan. Wanda idonsa ya taso da PS2 a tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, in ya ga tafkin cikin gem ɗin da hazo a kansa a PS4, sai ya ajiye hannu ya tsaya kallo.

Amma sayen ta hannu yana son natsuwa. PS4 iri uku ce: ta farko mai kauri ta 2013, sai Slim da Pro da suka zo a 2016. Lambar da ke jikinta za ta gaya maka gaskiya, CUH-1000 zuwa 1200 ta farko ce, jerin 2000 Slim ce, jerin 7000 Pro ce. Ni Slim nake zaɓa, domin ta farko ta tsufa kuma ta fi zafi, Pro kuma ta fi hoto amma ta fi cin wuta, fankarta ma takan yi ƙara. Kada ka karɓa a kwali ka tafi. Ka ce da mai shago, "Malam, don Allah a jona min ita in gani," ka zauna ka buga na rabin awa. Ka saurari fanka: in ta fara gurnani kamar injin markaɗe, ƙura ta toshe ta ko man da ke sanyaya cikinta ya bushe. Ka saka faifai ka fitar sau uku. Ka ɗan motsa wayar HDMI ka ga ko hoto zai ɗauke. Ka duba tambarin da aka liƙa a kan kusoshin baya, in an ɓare shi an taɓa buɗe ta, ka tambayi dalili. Ka saki hannun gem ɗin ka zuba ido, in Leon ko kyamara suna motsi da kansu, sandar ta lalace. Jabun hannu ya cika kasuwa, kuma a gem ɗin da ake auna kai da gwiwa, hannu mara kyau zai sa ka tsani abin da ka kashe kuɗi a kai.

Za a yi maka tayin wadda aka yi wa kutse aka cika ta da gem. Na san tana da jan hankali. Ka dai sani cewa gem ɗin da ke ciki ba a biya masu shi ba, ba za ka iya sabunta ta ba sai ka rasa kutsen, kuma ba ta shiga shagon PlayStation. Ni ban saye ta ba, ba kuma zan ce wani ya saya ba.

Sai maganar asusu, wadda mutane da yawa ba sa sani sai sun yi asara. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa in za a buɗe asusun PlayStation, shi ya sa ake buɗe na Amurka ko na Ingila a riƙa loda masa kati. Faifai ba ya zaɓen ƙasa, kowanne zai yi a kowace PS4. Amma ƙarin da ake saya, irin su Separate Ways, sai yankinsa ya dace da na faifan. In faifanka na Turai ne ka sayi ƙarin da asusun Amurka, ba zai buɗe ba. Alamar mai sauƙi ce: in ka ga PEGI 18 a kwali na Turai ne, in ka ga harafin M na Amurka ne.

PS5, ga mai hali

Babu musu, a nan gem ɗin ya fi kyau. Da ƙyar za ka ga jira, hasken tocila a cikin duhu sai ka ce da gaske ne, maɓallin harbi yana yin tauri ko laushi gwargwadon bindigar da ka riƙe, kuma kana iya zaɓar ko kaifin hoto ka fi so ko santsin motsi. Sai dai tana jan wajen wat 200 in wasa ya yi zafi, kuma in ba ka da talabijin ta 4K, rabin abin da ka biya ba za ka gan shi ba. In za ka saya, ɗauki mai cin faifai. Wadda ba ta da wurin faifai ta fi sauƙin kuɗi a ranar saye, amma kowane gem sai ka sauke gigabait gomomi, kuma ba ka da abin sayarwa in ka gama. Ra'ayina shi ne kada mutum ya sayi PS5 saboda wannan gem kaɗai. In dama kana da niyyarta don ƙwallo da sababbin da ba sa zuwa PS4, to bismilla. In kuma sai nan gaba, faifan PS4 ɗinka ba zai zama asara ba, PS5 mai cin faifai tana karanta shi.

Xbox Series S ma tana ɗaukarsa, ƙarama ce, ba ta da cin wuta sosai, amma ba ta da wurin faifai sam, komai saukewa ne. Wanda ke da intanet mara iyaka a gida ko a ofis ne kawai zan ce ya dube ta. Xbox One kuwa ba ta samu sabon ba, kada wani ya ce maka ta samu.

Laftof da waya

Mutane da yawa suna cewa ai suna da kwamfuta. Abin da Capcom ya gindaya mafi ƙanƙanta shi ne Core i5-7500 ko Ryzen 3 1200, da RAM gigabait 8, da katin hoto GTX 1050 Ti ko RX 560 mai gigabait 4. Wannan na ƙarshen shi ne inda ake faɗuwa. Laftof ɗin ofis, ko da an rubuta mata Core i7, in ba ta da katin hoto nata na daban, ba za ta ja shi yadda za ka ji daɗi ba. Wanda ya riga ya mallaki mai ƙarfi, saboda aikin zane ko haɗa bidiyo, shi ya fi kowa sa'a: Steam yana yawan karya farashi, kuma batir yana ba ka damar adanawa in wuta ta tafi. Ka shirya wa saukewar da ta haura gigabait 50. Akwai ɗanɗano na kyauta mai suna Chainsaw Demo, wanda yake kai ka faɗan ƙauyen farko. Sauke shi tukuna. In kwamfutarka ta yi nishi a nan, ka riƙe kuɗinka.

Waya kuwa, a Disambar 2023 sabon ya zo iPhone 15 Pro da Pro Max, da iPad da Mac masu M1 zuwa sama. Ana fara shi kyauta, sannan a biya a ci gaba. Abin mamaki ne ganin sa a tafin hannu, amma wayar tana ɗaukar zafi, batir yana zuba, kuma da maɓallan gilashi ba a tare zarto, sai ka haɗa da hannun gem. A zafin Maris da Afrilu na Gombe ban ga wanda zai jure awa biyu a haka ba. Ga masu Android, ina roƙonku ku ji wannan: Capcom bai fitar da sabon a Android ba. Duk fayil ɗin da aka ce maka shi ne, ko dai wani abu ne aka yi wa kwaskwarima, ko kuma tarko ne na satar bayanan wayarka, wadda asusun bankinka ke ciki. Haka wanda ake yaɗawa da sunan na PPSSPP, manhajar da ke kunna gem ɗin PSP a waya, domin Resident Evil 4 bai taɓa fita a PSP ba.

Kuɗin da ba a lissafawa

Duk wadda ka zaɓa, ka ware wani abu don kare ta. Ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata abin da na'ura ke rubutawa a lokacin, dawowarta da ƙarfi kuma tana ƙona kaya. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, da zai ba ka minti biyar ka kashe ta da kyau ya fi maka hannun gem na biyu amfani. Da hunturu ka rufe ta da ƙyalle in ba ta aiki, kada ka ajiye ta a ƙasa ko a cikin kabad, ka bar mata sarari ta sha iska. Farashin naira ban sa shi a nan ba da gangan, yana bin dala ne. Ka tambayi shago uku a cikin gari, ka kira na Kano ka ji, sannan ka haɗa da kuɗin mota da kuma wahalar mayarwa in ta ba da matsala. Sau da yawa ɗan ƙarin da za ka biya a gida, wurin wanda ka san ƙofar shagonsa, ya fi sauƙi.

Abu na ƙarshe da ke damuna a matsayina na uba. Mu mun buga wannan gem muna 'yan shekara 12 ba wanda ya duba, amma na da can hotonsa dishi-dishi ne. Na yanzu jini da sara a fili suke, na manya ne zalla. Ni sai bayan isha'i nake kunna shi, in yara sun kwanta. In kana son abin da za ku zauna tare da su, ga Crash Bandicoot N. Sane Trilogy na 2017, gem uku na zamanin PS1 a faifai ɗaya, an sake gina su da kyau. Masu kewar Lara Croft kuma akwai Tomb Raider I-III Remastered na 2024, wanda da maɓalli ɗaya kake juyawa tsakanin tsohon hoto da sabo kana cikin tafiya. Duka biyun suna kan PS4, wanda ƙarin dalili ne na zaɓenta.

In ka samu naka ka fara, za ka ga gawar wani kare tun da wuri a hanya, ranka zai ɓaci ka ɗauka sun kashe wanda muke cirewa daga tarko a tsohon. Ba shi ba ne. A babi na 3, da ka fito daga gidan mai garin, ka kasa kunne za ka ji kukansa a kusa. Ka je ka buɗe masa tarkon, zai same ka a wajen faɗan ƙaton dodon nan El Gigante.